Bulokcen a Binciken Haɗarin Mota

Bulokcen, wanda wasu ke kira sarƙar rijista, kundi ne na kwamfuta da ɓangarori da dama ke riƙe da kwafinsa lokaci guda. Kowane shafi a ɗaure yake da wanda ya gabace shi, don haka ba a goge rubutu ba tare da asiri ya tonu ba. Ya yi suna ne da kuɗin Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009. A harkar sufuri ana nazarin amfani da shi wajen tsare bayanan motoci masu haɗi da intanet, don su zama shaida idan an yi haɗari.

Motocin zamani suna da na'urar da ake wa laƙabi da baƙin akwati, galibi a cikin kwamfutar da ke sarrafa jakar iska. Tana riƙe abin da ya faru 'yan daƙiƙoƙi kafin karo: gudun mota, taka birki ko totur, da ko direba ya ɗaura bel. Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci daga Yulin 2024. Inda gizo ke saƙa shi ne wa ke riƙe da bayanan, domin kamfanin da ya ƙera motar da kamfanin inshora da direban duk suna da abin da za su kare.

A yawancin tsare-tsaren da aka gabatar, ba bayanan kansu ake zubawa a kundin ba, sun yi yawa, kuma sirri ne. Ana lissafa musu wani gajeren tambari ne, kamar zanen yatsa, a tura shi tare da lokaci da sa hannun motar na dijital. A ce motoci biyu sun yi taho-mu-gama a gangaren Nyanya da safe, kowane direba yana rantsuwa ya taka birki. Mai bincike zai zare bayanan, ya sake lissafa tambarin, ya gwada da na kundin. In an taɓa ko lamba ɗaya, a ce an mai da gudun kilomita 110 ya koma 70, tambarin ba zai zo daidai ba. A 2018 kamfanoni irin su BMW, Ford, GM da Renault suka shiga ƙungiyar MOBI don tsara ƙa'idojin bulokcen a harkar motoci.

Sai dai kundin yana tabbatar da cewa ba a sauya bayani ba ne kawai. In na'urar auna gudu ta lalace tun farko, ƙaryar zai adana da kyau. Ga kuma batun sirri: bayanan tafiya kan nuna gidan mutum da wuraren da yake zuwa, kuma kundin da ba ya gogewa yana karo da haƙƙin neman a goge bayanai da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadar.

A Abuja, inda hedikwatar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take, akwai ginshiƙin doka: Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a Mayun 2023, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya yarda da shaidar kwamfuta bisa sharuɗɗa. Abin da ya yi ƙaranci motocin ne. Akasarinsu 'yan Kwatano ne marasa haɗi da intanet, wasu ma jakar iskarsu ta fashe tuntuni, an liƙe sitiyarin a garejin Apo. Shi ya sa mai bincike ke dogaro da sawun taya a kwalta, da hoton waya, da bakin waɗanda abin ya faru a gabansu.