Wasiyya da wasiyyi: yadda ake toshe ƙofar rigimar gado tun da rai

Wasiyya takarda ce da mutum yake bayyana yadda za a yi da dukiyarsa bayan ransa. Wasiyyi kuma shi ne wanda aka ɗora wa nauyin cika abin da takardar ta ce. Mutane sukan ba takardar duk hankalinsu, su bar wasiyyi cikin duhu, har wani ma sai ranar rasuwa yake jin cewa shi aka naɗa. Daga nan yawancin rigima take somawa, domin wanda bai san inda dukiya take ba zai yi jinkiri, jinkiri kuwa shi ke haifar da zargi tsakanin magada.

Kafin a ɗauki alƙalami, a fara sanin dokar da za ta hau kan gadon, domin ita ke faɗin iyakar abin da mutum yake da ikon bayarwa. A shari'ar Musulunci ana fara da hidimar jana'iza, sai biyan bashi, sai wasiyya wadda ba za ta wuce sulusin abin da ya rage ba, sannan magada su ɗauki kasonsu. A wurin mafi yawan malamai ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. A Faransa doka ta keɓe wa 'ya'ya kason da uba ko uwa ba za su taɓa ba: rabi idan ɗa ɗaya ne, biyu bisa uku idan biyu ne, uku bisa huɗu idan sun kai uku ko fiye. A Ingila mutum yana iya ba wanda ya so, amma wata doka ta 1975 ta ba mata ko miji, da 'ya'ya, da wanda mamaci yake ciyarwa damar kai ƙara idan an bar su ba tanadi, cikin wata 6 daga ranar da kotu ta ba wasiyyi izini. Mai gida ko fili a wata ƙasa ya sani cewa sau da yawa dokar ƙasar da kadarar take ita ce ke aiki a kanta, don haka ya nemi lauyan da ya san can.

Sai ƙa'idar sa hannu, inda wasiyyoyi masu kyau suke rushewa a kan ƙaramin abu. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ƙasashe da dama suka gada, ta ce wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa nasu hannun a gabansa. Idan aka bi shaida ɗaya da takardar zuwa gidansa washegari ya sa hannu shi kaɗai, an buɗe ƙofar soke ta. Kuma kada wanda aka yi wa kyauta a ciki, ko matarsa ko mijinta, ya zama shaida: wasiyyar za ta tsaya, amma kyautar tasa ta faɗi. Faransa ta yarda da wasiyyar da mutum ya rubuta gaba ɗaya da hannunsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ko ba shaida. Abin da ya wadatar a wata ƙasa bai wadatar a wata ba.

Tsoho ko marar lafiya, musamman idan zai canja rabo ta hanyar da za ta ɓata wa wani rai, ya kamata likita ya duba shi a ranar sa hannu ya rubuta cewa yana cikin hayyacinsa: ya san abin da yake yi, ya san yawan dukiyarsa, ya san waɗanda ke da haƙƙi a kansa. Kuma wanda zai amfana ya fita daga ɗakin lokacin da ake magana da lauya. Zargi biyu da aka fi kaiwa kotu su ne gushewar hankali da matsin lamba, kuma wannan tanadin yana amsa su duka.

A cikin rubutun kansa, kuskuren da ya fi yawa shi ne raba kaya da suna kawai: gida ga wance, mota ga wane, kuɗin banki ga na uku. Shekaru suna wucewa, a sayar da gidan don biyan kuɗin magani, kuɗin ya shiga banki. Ranar rabo, wadda aka ba gida ta tashi hannu wofi, domin kyautar abin da ba ya nan ta faɗi, na uku kuma ya kwashe komai. Mamaci bai nufi haka ba, amma takarda ba ta da bakin da za ta gyara. Maganinsa a raba mafi yawan dukiya da kaso, kamar rabi ko rubu'i, a bar kira da suna ga 'yan kayan da ke da daraja a zuciya. A kuma rubuta wanda zai ɗauki ragowar duk abin da ba a ambata ba, da wanda zai maye gurbin wanda ya riga mai wasiyya rasuwa. Kuɗin da aka taɓa ba ɗaya daga cikin 'ya'ya, a faɗa ɓaro-ɓaro ko rance ne ko kyauta. Wannan layi ɗaya ya sha raba 'yan'uwa da kotu.

Wasu kadarori ba sa bin wasiyya a ƙasashe da yawa. Inshorar rai da kuɗin fansho sukan tafi ga sunan da aka rubuta a fom ɗin kamfani, ko da sunan matar da aka rabu da ita ne shekara 20 baya. A duba waɗannan fom duk lokacin da aka taɓa wasiyya. Aure, saki, haihuwa, da rasuwar wanda aka ambata, kowanne dalili ne na sake dubawa. A Ingila ma sabon aure yana soke tsohuwar wasiyya, sai in an rubuta ta da niyyar wannan auren.

Yanzu wasiyyi. Al'adar ɗora wa babban ɗa saboda girma kawai ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba. Aikin na mai riƙon amana ne, mai haƙurin takardu, wanda zai iya cewa a'a ga ɗan'uwansa ba tare da faɗa ba, kuma ana sa ran zai rayu bayan mai wasiyya. A tambaye shi tukuna, domin yana da ikon ƙi. A naɗa na biyu da zai karɓa idan na farko ya kasa. Inda 'yan'uwa ba sa ga maciji da juna, ko akwai 'ya'yan ɗakuna daban-daban, ya fi a ɗauki lauya ko wani na waje, ko da za a biya shi daga gadon. Naɗa mutum biyu da ba sa jituwa don a yi adalci tarko ne, tunda takardu da yawa suna buƙatar hannunsu duka.

Shirya shi kuwa zama ne na gaske, a buɗe masa komai: jerin asusun banki, takardun filaye da gidaje, hannun jari, bashin da ake bin mai wasiyya da wanda yake bi, ajiyar mutane da ke hannunsa, abokan kasuwanci, da sunan lauya. Wannan jerin a ajiye shi dabam, a riƙa sabunta shi duk shekara. Lambobin sirri na waya da imel kada su shiga cikin wasiyya, domin a wasu ƙasashe kowa na iya neman kofinta bayan kotu ta tabbatar da ita.

Ya kuma san tsarin aikinsa: karɓar takardar shaidar rasuwa, tsare kadarori, neman izinin kotu, buɗe asusu na musamman don gadon, biyan bashi da haraji, sannan rabo. Wasiyyin da ya raba dukiya saboda matsin magada, daga baya mai bin bashi ya bayyana, yana iya biya daga aljihunsa. Kada ya haɗa kuɗin gado da nasa ko na kwana ɗaya, kada ya sayi kadarar gadon da kansa sai da yardar magada a rubuce ko izinin kotu, ya adana kowane rasit, ya riƙa aika wa dukan magada bayani iri ɗaya a lokaci ɗaya. Magajin da ya ji labari daga bakin wani magaji ya riga ya fara zargi.

Idan rabon bai zo daidai ba, mai wasiyya ya faɗi dalilinsa da bakinsa tun yana raye, ko ya bar wasiƙa a gefe, ba tare da gori ba. In bai yi ba, wasiyyi ne zai sha fushin da ba nasa ba.

Asalin takardar a ajiye ta wurin lauya, ko rajistar kotu inda ake karɓa, ko akwatin da wuta ba ta ci, kuma wasiyyi ya san wurin. Kada a goge ko a ƙara kalma da biro bayan sa hannu. Ya fi kyau a yi gyara da sabuwar takarda da shaidu. Idan an san asalin yana hannun mamaci amma aka neme shi aka rasa, kotunan da ke bin tsarin Ingila sukan ɗauka shi ya lalata shi da gangan, kuma wanda ya zo da kofi sai ya kawo hujjar da za ta kawar da wannan zaton.