Auna zurfin kasuwannin kuɗi

Zurfin kasuwannin kuɗi shi ne girman bankuna, kasuwar hannun jari, takardun lamuni, inshora da asusun fansho na wata ƙasa idan an gwada su da girman tattalin arzikinta. Ana fitar da shi a matsayin kaso cikin ɗari na GDP, wato jimillar darajar kaya da hidimomin da ƙasa ta samar a shekara. Raymond Goldsmith ne ya fara tattara irin waɗannan alƙaluma na ƙasashe da dama a 1969, sai Ronald McKinnon da Edward Shaw suka danganta zurfafar harkar kuɗi da bunƙasar arziki a 1973.

Ma'aunai

Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa shi ne M2 a kan GDP: tsabar kuɗin da ke hannun jama'a da ajiyar banki. Yana da sauƙin samu, amma ajiya kawai yake nunawa, bai faɗi inda banki ya kai kuɗin ba. Bankin da ya kwashe ajiyar jama'a ya sayi takardun lamunin gwamnati yana kumbura M2 alhali ko ɗan kasuwa ɗaya bai samu rance ba. Shi ya sa masana suka fi amincewa da bashin da aka ba kamfanoni da mutane masu zaman kansu, a kan GDP. A ɓangaren hannun jari ana duba jimillar darajar kamfanonin da ke kasuwar, da kuma darajar abin da aka yi cinikinsa a shekara.

A 2016 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya haɗa ire-iren waɗannan ma'aunai cikin maki ɗaya tsakanin 0 da 1, na ƙasashe fiye da 180, tun daga 1980. Zurfi ɗaya ne daga cikin ɓangarori uku na makin. Sauran su ne sauƙin samun hidima da ingancin aiki.

Yadda ake lissafi

Nan ne aka fi yin kuskure. Bashi adadi ne na rana ɗaya, 31 ga Disamba, shi kuwa GDP yana taruwa ne cikin wata goma sha biyu. Raba bashin da GDP kai tsaye yana ƙara wa zurfin kitse idan farashi na hauhawa. Gyaran da ake yi shi ne a raba bashin ƙarshen bana da ma'aunin farashin ƙarshen bana, a yi haka ga na ƙarshen bara, a ɗauki matsakaicinsu, sannan a raba da GDP wanda aka daidaita da matsakaicin farashin shekarar.

A ƙaddara bashi ya tashi daga biliyan 100 zuwa 130, ma'aunin farashi ya tashi daga 100 zuwa 130, matsakaicinsa 115, GDP kuma biliyan 1,150. Lissafin gaggawa zai ba da kashi 11.3. Bayan gyara, kashi 10 ne, domin a zahiri bashin bai ƙaru da ko kwabo ba.

Abin da ke karya jerin alƙaluma

Najeriya ta ishi misali. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar tushe ta GDP, wato shekarar da ake dogara da farashinta wajen lissafinsa, daga 1990 zuwa 2010, sai GDP na 2013 ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 42 zuwa 80. Duk ma'aunin da ake rabawa da GDP ya kusa rabewa biyu dare ɗaya, ba tare da wani banki ya karɓe bashinsa ba. Wanda ya jona tsohon jeri da sabo zai ga faɗuwar da ba ta auku ba. Ghana ta ga irin haka a 2010, lokacin da GDP nata ya ƙaru da kusan kashi 60.

Sai kuma hauhawar da ba zurfi ba ce. Bayan Babban Bankin Najeriya, a zamanin Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Bashi da darajar hannun jari suka yi tashin gwauron zabi, amma kaso mai yawa rance ne da aka sayi hannun jari da shi. Kasuwar ta karye daga Maris 2008. A 2009 Babban Bankin ya zuba naira biliyan 620 don ceto wasu bankuna, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON ta saye basussukan da suka maƙale. Da basussukan suka bar littattafan bankuna, jerin ya sake karkacewa.

Faɗuwar darajar kuɗi ma na yin nata ɓarnar: bashin dala da aka rubuta da naira yana kumbura a takarda, kamar yadda ya faru bayan sakin naira a Yunin 2023.

Nijar kuwa matsalarta daban ce. Kasuwar hannun jarinta ita ce BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ke tarayya a cikinta, don haka ware rabon ƙasa ɗaya aiki ne na kintace. A Najeriya da Nijar, adashi da bashin da 'yan kasuwa ke ba juna ba sa shiga ko wane ma'auni.

Iyaka

Yawan zurfi ba kullum ne alheri ba. Binciken Arcand, Berkes da Panizza na 2012 ya nuna cewa idan bashin masu zaman kansu ya kai wajen kashi 100 na GDP, ƙarinsa kan fara rage saurin bunƙasa. Ƙa'idojin Basel III, na ƙasa da ƙasa kan jarin bankuna, suna amfani da tazarar da ke tsakanin wannan ma'auni da tafiyarsa ta dogon zango: idan ta wuce maki 2 a fara umartar bankuna su ware ƙarin jari, idan ta kai maki 10 ƙarin ya kai ƙololuwarsa, kashi 2.5 na kadarorin da aka auna haɗarinsu.