Dokar sayar da hannun jarin aro a Amurka: inda take kare mai ƙaramin jari da inda ba ta kai ba

Duk lokacin da hannun jarin wani sabon kamfani ya yi ta zubewa a Amurka, ƙananan masu zuba jari kan ɗora laifin a kan masu sayar da hannun jarin aro. Sana'ar waɗannan mutane ita ce su ari hannun jari ta hannun dillali, su sayar yau, idan farashi ya faɗi su sayo da arha su mayar wa mai shi, bambancin ya zama ribarsu. Doka ta yarda da wannan. Abin da ta sa wa ido shi ne sayar da abin da ba a aro ba, kuma ba a da niyyar kawowa.

Ƙa'idar da ke kula da harkar ita ce Regulation SHO ta SEC, hukumar gwamnatin Amurka mai kula da kasuwar hannun jari. Ƙa'idar ta fara aiki a Janairun 2005. Kafin dillali ya karɓi odar irin wannan ciniki, dole ya samo inda za a ari hannun jarin, ya kuma ajiye shaidar hakan a rubuce. An ɗauke wa dillalan da aikinsu shi ne tsayawa kullum suna saye da sayarwa don kasuwa ta yi gudu wannan sharaɗi, kuma a nan yawancin ƙorafi ke tasowa. Tun 28 ga Mayun 2024 ana kammala ciniki kwana ɗaya bayan an ƙulla shi. Idan ranar ta zo ba a miƙa hannun jarin ba, dillali zai saya ko ya ara ya cike giɓin kafin a buɗe kasuwa washegari. In ya ƙi, ba zai sake sayar da na wannan kamfani ta wannan hanya ba sai ya fara aro a hannu.

Akwai kuma jerin sa ido. Kamfani na shiga ciki idan hannun jarinsa da aka kasa miƙawa ya kai 10,000, ya kuma kai rabin kashi 1 cikin 100 na duk wanda ya fitar, kwana 5 na kasuwa a jere. Giɓin da ya yi kwana 13 a jere dole a rufe shi.

Ga inda mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ƙa'idar 2010 da ke taka wa masu aro birki idan farashi ya faɗi da kashi 10 cikin 100 a yini guda, ta shafi hannun jarin da ke kan manyan kasuwanni ne irin su NYSE da Nasdaq. Yawancin masu arha, waɗanda ba su kai dala 5 ba, a kasuwar OTC ake cinikinsu, wato tsakanin dillalai a wajen manyan kasuwannin, birkin bai kai can ba.

Sai dai yin aro a irin wannan hannun jari na da tsadar gaske. Ƙa'idar FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ta ce mai yin haka zai ajiye jinginar aƙalla dala 2.50 kan kowane ɗaya. Wanda ya ari guda 100,000 masu farashin santi 10, kayan dala 10,000 ke nan, sai ya daskarar da dala 250,000, ga kuɗin haya a kai. Ba kowa ke jure wannan ba.

Shi ya sa kafin a zargi na waje, gara a fara duba takardun kamfanin kansa. Sabon kamfani da ke neman kuɗi ruwa a jallo kan ci bashin da mai bayarwa ke da damar juya shi zuwa hannun jari a ƙasa da farashin kasuwa. Ya juya, ya sayar, farashi ya sauka, juyi na gaba ya ba shi fiye da na baya. Kamar ƙara wa kunu ruwa ne: kason tsohon mai jari na ta tsinkewa ba tare da wani ya ari komai ba.

A shafin EDGAR na SEC, inda ake ajiye takardun kamfanoni, a buɗe rahoton 10-Q (na wata uku) ko 10-K (na shekara), a kwatanta adadin hannun jarin da ke shafin farko da na wata shida baya. In ya ninka, an ga bakin zaren. Rahoton 8-K, wanda kamfani ke fitarwa idan wani muhimmin abu ya faru, kan nuna sharuɗɗan bashin. FINRA na fitar da jimillar aron da ba a mayar ba sau biyu a wata, SEC ma na fitar da alƙaluman kasa miƙawa sau biyu a wata. A yi hattara da lissafin kullum na cinikin hannun jarin aro da ake yaɗawa a kafafen sada zumunta, domin ya haɗa da cinikin dillalai da ake rufewa cikin 'yan mintuna, don haka yana kumbura lamarin.

Wanda ya ga alamar maguɗi na iya kai ƙara ta shafin SEC ko na FINRA, tare da gajeren sunan kamfanin a kasuwa, ranaku, farashi da takardun cinikinsa. Yaudarar da mai sayarwa zai yi wa dillali game da niyyarsa ko ikonsa na miƙa hannun jari zamba ce ƙarƙashin ƙa'idar 10b-21 ta 2008.