Ma'anar "ikama ta dijital" da alaƙarta da neman zama ɗan ƙasar Saudiyya

Ikama, wadda yawancinmu ke furtawa igama bisa lafazin mutanen Hijaz, ita ce izinin zama da hukumar fasfo da shige da fice, wato Jawazat, ke bai wa baƙo a Saudiyya, kuma duk Bahaushen da ke zaune a Makka ko Jidda ko Madina ya san nauyinta. Idan aka ce ikama ta dijital, ana nufin izinin ya tashi daga jikin kati ya koma cikin rumbun bayanan Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Tun daga shekarar 1437 ta Hijira, wato ƙarshen 2015, aka daina rubuta ranar ƙarewar izini a jikin katin da ake kira Hawiyyatu Muƙim, sai dai a riƙa sabuntawa ta intanet, daga baya kuma aka sanya katin a manhajar Absher domin mutum ya nuna shi a wayarsa. Saboda haka kati mai kyau a aljihu ba hujja ba ce, domin jami'in da ya tsayar da mutum zai shigar da lambarsa ne mai alƙaluma goma, wadda ke farawa da 2 ga baƙo, da 1 ga ɗan ƙasa, kuma abin da na'ura ta nuna shi za a bi.

A ƙarƙashin wannan lamba ake ajiye sunan mutum da ranar haihuwarsa da sana'arsa da kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa, da hoton yatsunsa, tare da kowace fita da shigowa da ya yi, da duk lokacin da izininsa ya ƙare ba a sabunta ba. A nan ne batun jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa, ya shigo.

Dokar jinsiyya ta 1374 ta Hijira, wato 1954, ba ta mai da mutum ɗan ƙasa don kawai an haife shi a nan. Baƙon da ke neman tajnisi, wato a ba shi jinsiyya, zai nufi hukumar rajistar 'yan ƙasa, Ahwalul Madaniyya, kuma daga cikin sharuɗɗan da aka gindaya masa akwai zaman shekara goma a jere bisa ƙa'ida, da iya Larabci, da sana'ar da ƙasa ke buƙata. Ana auna buƙatarsa da maki 33, sai ya sami 23 kafin ta ci gaba, kuma ko ya samu, hukuma na da ikon ƙi. Kalmar "a jere" ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Shaidar maƙwabta ko ta limamin unguwa cewa wane ya shekara talatin a unguwar Misfala ta Makka ba za ta cike giɓin da na'ura ta rubuta ba. Ikamar da kafili ya yi sakacin sabuntawa, ko ƙarar guduwa daga aiki da ake kira hurub, ko bizar fita ta dindindin da aka buga kafin mutum ya dawo da sabuwar biza, duk suna iya zama abin da za a tuhumi lissafin shekarunsa da shi. A ganina akwai zalunci a nan, domin sau da yawa sabunta ikama a hannun kafili yake, amma ma'aikaci ne tabon ke bi.

Akwai kuma matsalar suna, wadda ta fi shafar mu. Mutum ɗaya na iya zama Garba a fasfon Najeriya ko Nijar, Abubakar a ikama, ko Mamman a wata takarda, Muhammad a wata, ga kuma ranar haihuwa da aka juya daga Miladiyya zuwa Hijiriyya bisa kuskure. A da jami'i kan duba fuska ya fahimta, amma na'ura daidaiton haruffa take nema. Ranar haihuwa ta fi tsanani ga ɗan da aka haifa a nan, uwa 'yar Saudiyya, uba baƙo, domin sashe na 8 na dokar ya ba shi shekara ɗaya tak bayan ya cika 18 ya miƙa buƙatarsa, kuma tun Janairun 2023 Firayim Minista ne ke amincewa da irin wannan buƙata a maimakon Ministan Cikin Gida. Ya kamata iyaye su buɗe Absher su gwada abin da ke ciki da takardar haihuwa tun yaro yana ƙarami, su nemi gyara a Jawazat kafin lokaci ya ƙure.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne jikokin mahajjatan da suka keta Chadi da Sudan a ƙasa, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, suka zauna a Makka. Wasunsu sun sami jinsiyya tun zamanin da ake ba da ita cikin sauƙi, wasu kuwa har yau ba su da ko ikama, alhali ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Wanda ba shi da lamba ba zai buɗe Absher ba, ba zai yi rajistar layin waya da sunansa ba, kuma shekarun da ya yi a garin da aka binne kakansa ba su shiga lissafin goman da doka ke nema ba.