Littattafan Martin Beck

Littattafan Martin Beck jerin ƙagaggun labarai ne guda goma na binciken kisan kai, waɗanda marubuta biyu 'yan ƙasar Suwidin, Maj Sjöwall (1935–2020) da Per Wahlöö (1926–1975), suka haɗa hannu suka rubuta daga 1965 zuwa 1975. An san su da sunan Martin Beck, ɗan sandan ciki na sashen binciken kisan kai a birnin Stockholm, amma marubutan sun ba jerin gaba ɗaya suna guda, Roman om ett brott, wato "Labarin Wani Laifi". Kowane littafi da nasa kisan, kuma ana warware shi kafin shafin ƙarshe, saɓanin yadda aka saba a littattafan Kano inda labari ɗaya kan rabu zuwa na ɗaya da na biyu da na uku. Abin da ke ci gaba daga littafi zuwa littafi shi ne rayuwar 'yan sandan da halin da ƙasarsu ke shiga.

Yadda aka rubuta su

Sjöwall da Wahlöö duk ma'aikatan jarida da mujallu ne, sun zauna gida ɗaya, suna da 'ya'ya maza biyu. Tun kafin su ɗora alƙalami suka yanke cewa goma za su rubuta, ba ƙari ba ragi, kowanne babi talatin. Sukan yi watanni suna bincike, su zana taswirar labarin dalla-dalla, sannan su raba babobin: wannan ya ɗauki na ɗaya, waccan ta ɗauki na biyu, haka har ƙarshe. Da dare suke rubutun, da hannu, bayan yara sun yi barci, suna fuskantar juna a tebur. Daga nan sai su yi musaya, kowa ya buga na ɗan'uwansa a tafireta yana gyarawa. Wannan ne ya sa salon ya zama bai ɗaya, har mai karatu ba ya iya gane inda hannun wani ya tsaya na wani ya ɗauka.

Dukansu 'yan ra'ayin Markisanci ne, kuma ba su ɓoye manufarsu ba: su yi amfani da labarin 'yan sanda su farke cikin tsarin jin daɗin jama'a da Suwidin ke alfahari da shi, a ga abin da ke ciki. A 1965, shekarar da littafin farko ya fito, gwamnatin tsakiya ta karɓe ragamar 'yan sanda daga hannun ƙananan hukumomi, kuma jerin ya bi diddigin abin da hakan ya haifar: manyan ofisoshi, shugabannin da ba su san aikin titi ba, da yawan ɗaukar makami.

Mutanen labarin

Kafin Sjöwall da Wahlöö, jarumin irin waɗannan labarai yawanci gwani ne tilo wanda shekaru ba sa taɓa shi. Agatha Christie ta fito da Hercule Poirot a 1920 a matsayin ɗan sanda mai ritaya, ta kuma ci gaba da aiki da shi har 1975, lissafin shekarunsa kuwa sai dai a kau da kai. Sjöwall da Wahlöö sun bar agogo yana tafiya. Beck na littafin farko magidanci ne mai fama da ciwon ciki da mura, aurensa da Inga ya yi tsami, abin da ke ɗebe masa kewa a gida shi ne harhaɗa ƙananan jiragen ruwa na ado. 'Yarsa Ingrid tana girma a idon mai karatu har ta bar gida. Auren ya mutu a tsakiyar jerin. A littafi na bakwai aka harbe shi a ƙirji, a na takwas ya koma aiki bayan doguwar jinya, a nan ne kuma ya haɗu da Rhea Nielsen, wadda ta sa ya fara sakin jiki.

Beck ba shi da wata baiwa ta a zo a gani. Haƙuri ne da shi, da naci, da iya sauraro. Sauran abin da bincike ke bukata an rarraba shi ne a kan abokan aikinsa, kuma a nan gwanintar marubutan ta fi fitowa. Lennart Kollberg, amininsa, mutum ne mai ƙiba da son abinci da kaifin baki, tsohon sojan laima, wanda ya daina ɗaukar bindiga tun da ya kashe wani abokin aikinsa bisa kuskure. Fredrik Melander ba ya manta suna ko kwanan wata, sai dai duk lokacin da aka neme shi za a ce yana ban ɗaki. Gunvald Larsson, wanda ya shigo a littafi na uku, ɗan masu kuɗi ne da ya yi aikin jirgin ruwa, ƙato mai tsadaddun tufafi da rashin ladabi, wanda ya fi gane ya ɓalle ƙofa da ya ƙwanƙwasa ta. Kusan ba mai shiri da shi sai Einar Rönn, mutumin arewacin ƙasar mai jan hanci da sanyin hali. Kowannensu an ba shi ɗabi'a ɗaya ko biyu da mai karatu zai riƙe, sannan aka ci gaba da ƙara masa nauyi a hankali.

Kuma abin da ya faru a wani littafi ba ya bin iska. A na huɗu, Den skrattande polisen ("Ɗan Sanda Mai Dariya", 1968), wani ya buɗe wuta cikin bas mai hawa biyu ya kashe mutum tara, cikinsu har da matashin ɗan sanda Åke Stenström, wanda masu karatu suka sani tun littafin farko. Budurwarsa Åsa Torell daga baya ta shiga aikin ɗan sanda. Kollberg kuwa takaicin aikin ya yi ta taruwa masa har ya ajiye shi a littafi na tara.

Misali daga Roseanna

Littafin farko, Roseanna, ya buɗe ne da injin yashe hanyar ruwa ta Göta, kusa da garin Motala, ya ɗago gawar wata mace tsirara. Ba wanda ya san ta. Makonni suka wuce ba a ko gano sunanta ba, sai da saƙo ya zo daga wani ɗan sanda a Lincoln ta jihar Nebraska a Amurka cewa sunanta Roseanna, ma'aikaciyar ɗakin karatu ce da ta zo yawon buɗe ido. Daga nan Beck da mutanensa suka shiga tattara hotunan da fasinjojin jirgin ruwan da ta hau suka ɗauka, suna duba su ɗaya bayan ɗaya, ko za su ga wanda ke tsaye kusa da ita. Binciken ya ci fiye da wata shida, yawancinsa jira ne da buga waya da shan kofi. Wanda aka kama, Folke Bengtsson, ya sake bayyana a littafi na tara bayan ya fito daga gidan yari. Wata maƙwabciyarsa ta ɓace, jaridu da manyan 'yan sanda suka ɗora masa laifin tun kafin a bincika, alhali ba shi ne ya aikata ba.

Ƙarshen jerin da tasirinsa

Siyasar ba ta fito fili sosai a littattafan farko ba. Daga tsakiya ta ƙaru, kuma a na ƙarshe-ƙarshen akwai shafukan da labari ke tsayawa cak marubutan su hau mumbari, abin da ko masoyan jerin sukan amsa cewa ya yi yawa. Wahlöö yana fama da rashin lafiya suka rubuta na goma, Terroristerna ("'Yan Ta'adda"), ya kuma rasu a watan Yunin 1975. A cikinsa wata yarinya da hukuma ta wulaƙanta ta harbe firaministan Suwidin, shekara goma sha ɗaya kafin a kashe firaministan ƙasar na zahiri, Olof Palme, a titin Stockholm a 1986. Kalmar ƙarshe a littafin, daga bakin Kollberg cikin wani wasan haruffa, ita ce "Marx", wato sunan Karl Marx, uban Markisanci. Sjöwall ba ta ƙara rubuta wani littafin Beck ba.

Den skrattande polisen ya ci kyautar Edgar ta Amurka, wadda ake ba labaran binciken laifi, a 1971, aka kuma mai da shi fim a 1973, aka mayar da labarin San Francisco, Walter Matthau ya fito a matsayin jarumin. Bo Widerberg ya yi fim da littafi na bakwai a 1976. A 1997 aka fara shirya wasu finafinan Beck a Suwidin, Peter Haber yana fitowa a matsayin Beck, da sababbin labarai da aka gina kan mutanen littattafan. Henning Mankell, wanda ya fito da ɗan sanda Kurt Wallander na garin Ystad a littafinsa na 1991, yana cikin marubutan da suka fito fili suka ce daga wajen Sjöwall da Wahlöö suka koya.