Haraji Bayan Ritaya: Tambayoyin da Dattawan Abuja Ke Yi

Kawuna ya yi shekara 35 yana aikin gwamnatin tarayya, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa cika fom ɗin haraji da hannunsa ba, domin tun kafin albashi ya iso gare shi an riga an yanke abin da za a yanke. Shekara huɗu da ajiye aikinsa, ya tashi mayar da takardun wani filinsa zuwa sunan babbar 'yarsa, sai aka nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Ya dawo gida Kubwa da ledar takardunsa a hammata, ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba, ya ce da ni, "Yanzu ni da furfurata, wane haraji kuma ya rage a kaina?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, fanshonku babu mai taɓa shi, amma shagunan nan da kuke karɓar hayarsu fa?" Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda shi da sa'o'insa suka fi yi.

Shin tsufa yana fitar da mutum daga haraji?

Ba ya fitarwa. Dattawanmu da dama sun taso ne a zamanin haraji da jangali, lokacin da ake bin magidanta kai-kai, wanda ƙarfinsa ya ƙare kuwa mai unguwa ya ɗauke masa. Wannan tsari ya daɗe da kau. A Kano da Kaduna gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa ne suka soke shi bayan sun hau mulki a 1979. Harajin da ake magana a kansa yanzu ba ya tambayar shekarun mutum. Abin da yake dubawa shi ne irin kuɗin da ya shigo da kuma yawansa, saboda haka ɗan shekara 75 da ke karɓar hayar gidaje da ɗan shekara 30 da ke karɓar irinta ma'auni ɗaya ake sa musu.

Fansho da garatuti fa, ana cire musu wani abu?

Ba a cirewa. Dokar fansho ta 2014 ta keɓe haƙƙoƙin ritaya daga haraji, sabuwar dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ita ma ta bar su a keɓe. Ko mutum yana cikin tsohon tsari yana karɓa ta hannun PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsofaffin ma'aikatan tarayya, ko yana cikin tsarin karo-karo yana karɓa daga kamfanin da ke kula da asusunsa, hukuncin ɗaya ne. Wuri guda ake lura da shi: wanda ya riƙa ƙara zubi na ganin dama a asusun, idan ya cire shi kafin shekara biyar, ribar da zubin ya haifar tana da haraji.

To, a kan me dattijo zai biya?

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake, domin ma'aikacin Abuja da wuya ya yi ritaya ya naɗe hannu. Wani ya gina ɗakuna a Karu ko Lugbe ya zuba 'yan haya, wani ya buɗe shagon kayan masarufi, wani yana kiwon kaji a Kuje don sayarwa, wani kuma tsohon ofishinsa ko wata ƙungiya na kiransa ya ba da shawara a biya shi. Duk waɗannan kuɗin shiga ne, kuma tunda babu sauran akantan ma'aikata da zai yanke ya kai a madadinsa, nauyin lissafi da biya ya dawo wuyansa.

Bisa sabuwar doka, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ɗauka wata hajiya da ta yi ritaya daga koyarwa tana karɓar hayar naira miliyan 3 a shekara, ta kashe 400,000 wajen gyaran rufi da famfo na gidan hayar, kuma ta adana rasit. Abin da ya rage miliyan 2.6 ke nan. A ware 800,000, saura miliyan 1.8, kashi 15 ɗinsa naira 270,000. Fanshonta ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan, ba ya kuma cinye mata 800,000 ɗin da aka yafe.

Akwai kuɗin da aka riga aka cire wa haraji tun daga tushe. Ribar hannun jari da kamfanoni ke rabawa ana yanke mata kashi 10 kafin ta shigo asusu, kuma ba a sake karɓar wani abu a kanta. Idan kuwa kamfani ne ke hayar gidan mutum, shi ma yakan yanke kashi 10 ya kai wa hukuma, sai dai wannan kafin alƙalami ne, za a rage shi daga jimlar abin da ake bin mai gida. Na ga dattawa da yawa suna asarar wannan kuɗi saboda ba su nemi takardar shaidar yankewar daga ɗan hayar ba, kuma abin yana damuna, domin biya biyu ke nan a kan haya ɗaya.

Kuɗin da 'ya'ya ke turo wa iyaye fa, da abin da aka gada?

Kyauta ba kuɗin shiga ba ce. Abin da ɗa ya turo wa mahaifiyarsa na cefane ko na magani, daga Legas ne ko daga Ingila, babu haraji a kansa, kuma ba kowane kuɗi da ya faɗo asusun banki ake lissafawa ba. Gado ma haka. Amma ranar da gidan gadon ya fara kawo haya, hayar ta shiga lissafi.

Wanda ba shi da komai sai fansho, shi ma sai ya cika fom?

Shawarata ita ce ya cika. Yafe wa mutum biya daban, sanar da hukuma halin da yake ciki daban. Wanda ya rubuta cewa fansho ne kaɗai abin da ke shigo masa ba zai biya ko sisi ba, amma sunansa zai kasance a rubuce shekara bayan shekara, kuma da wannan ne zai karɓi takardar shaidar haraji ranar da buƙatarta ta taso. Takardar tana duba shekara uku da suka wuce, ana kuma nemanta a harkar filaye, da neman kwangilar gwamnati, da tsayawa takara. Dattijon da ke son ya daidaita takardun dukiyarsa tun yana da rai, don kada ya bar wa iyali rigima, ba zai so a tsayar da shi a wannan gaɓa ba.

Wace hukuma ake kai wa?

Hukumar inda mutum yake zaune. Mazaunin Gwarinpa, Nyanya ko Gwagwalada yana ƙarƙashin hukumar tara haraji ta babban birnin tarayya, FCT-IRS, wadda aka kafa da dokar 2015. Wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka na jihar Nasarawa ne, na Suleja da Madalla kuma na jihar Neja, ko da duk rayuwarsa a sakatariyar tarayya ya yi aiki. Wanda ya tattara ya koma Jos bayan ritaya, hukumar harajin jihar Filato ce tasa, kuma ya dace ya sanar da ta Abuja cewa ya tashi.

Yaushe ne wa'adi, kuma me ke faruwa idan ya wuce?

Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara, a kan abin da aka samu a shekarar da ta gabata. Sabuwar doka ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na jinkiri, da 50,000 a kowane wata da ya biyo baya, wanda ga ɗan fansho ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wanda shekarun baya suka taru masa ya je da ƙafarsa ya gyara, ya kuma sani cewa abin da ya samu kafin 2026 da tsohuwar doka za a lissafa shi.

Akwai rangwamen da ya shafi dattawa?

Babu wanda aka ware saboda shekaru, amma akwai waɗanda kowa ke da haƙƙinsu. Wanda yake zaune a gidan haya ana rage masa kashi 20 na hayar da ya biya daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Wanda ya biya miliyan 1.5 za a rage masa 300,000. Mai zaune a gidan kansa ba ya samun wannan. Ana kuma rage kuɗin inshorar lafiya ta ƙasa da na inshorar rai. Dukansu sai mutum ya nema ya nuna shaida.

Wanda idonsa ya yi rauni ko bai iya kwamfuta ba, yaya zai yi?

Ana cikawa ta intanet, ana kuma iya zuwa ofishin hukumar mafi kusa a nemi taimako. Lambar NIN ita ce ginshiƙin shaidar mai biyan haraji a sabon tsari, sai a tanade ta tare da takardar ritaya, bayanin fansho, yarjejeniyar haya da rasit-rasit, a ajiye su aƙalla shekara shida. Ɗa ko jika na iya zama ya cika wa tsoho, amma ya karanta masa kowane layi da Hausa kafin a tura, domin sunan tsohon ne a kai, shi za a tambaya. Kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin ofis. Wani maƙwabcin kawuna ya ba wani mai cewa ya san hanya kuɗi, aka kawo masa takarda mai hatimi, da aka duba lambarta a na'ura babu ita babu dalilinta. Biyan haraji ta banki ake yi ko ta shafin hukumar, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai biya.

Idan hukuma ta yanka adadin da ya wuce gaskiya fa?

Hakan yakan faru musamman ga wanda bai cika komai ba, domin a lokacin hukuma kintace take yi. Mutum yana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso masa ya rubuta ƙorafi, ya faɗi adadin da bai yarda da shi ba da dalilinsa, ya haɗa da shaida, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan ba a daidaita ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙararrakin haraji, wadda ke da zama a Abuja, tana kuma da wani a Jos.