Sawun kwikwiyo ko hannun jariri? Tanuki da rakun a ƙofar gida a Japan

Idan ka tashi da safe a wata unguwa ta gefen Tokiyo, ko Saitama, ko Chiba, ka tarar an yaga ledar shara an watsar, kafin ka ɗauki tsintsiya duƙa ka dubi ƙasa. In da danshi za ka ga sawu. In yatsu huɗu ne a dunƙule kamar na kwikwiyo, tanuki ne ya wuce. In kuwa biyar ne dogaye a buɗe, kamar jariri ya dafa hannu a taɓo, to rakun ne. Dabbobin biyu sun yi kama a duhu, amma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba, kuma abin da za ka yi a kan kowanne daban ne.

Aikina lafiyar dabbobi ne da wayar da kan manoma. Na rubuta wannan ne don 'yan'uwanmu da karatu ko sana'ar motoci ta kai Japan, musamman masu zama a gidajen katako na bayan gari ko kusa da yadin ajiye motoci, inda dabbobin nan suka fi samun mafaka.

Tanuki ɗan gida ne. Dangin kare ne da dila da yanyawa, gajere mai kauri, ƙafafunsa baƙi, jelarsa guntuwa ba zane. Nauyinsa bai cika wuce kilo 5 ba. Japanawa sun daɗe da shi, har mutum-mutuminsa na yumɓu suke girkewa a ƙofar gidajen abinci. Ba mafaɗaci ba ne. Da dare yake fita, sau da yawa miji da mata tare, yana bin lambatu da gindin shinge yana neman ƙwari, tana, kwaɗi da 'ya'yan itatuwan da suka faɗo, musamman kaki, wadda 'yar'uwar kanyarmu ce. Idan ya firgita sai ya daskare wuri ɗaya, wani lokaci ma ya zube kamar matacce, shi ya sa motoci ke yawan take shi. Yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani: duk tanukin yanki wuri ɗaya suke zuwa kashi, har ya taru tsibi. Japanawa na kiran wurin tamefun. Tsohon Sarkin Japan, Akihito, ya shafe shekaru yana nazarin irin wannan tsibi a harabar fadarsa da ke tsakiyar Tokiyo don ya gano abin da tanuki ke ci, kuma an wallafa sakamakon a 2008 da 2016. Wato har a cibiyar birnin akwai su.

Rakun kuwa baƙo ne daga Arewacin Amurka, Japanawa na ce masa araiguma. Jelarsa doguwa ce mai zobba baƙi, gashin bakinsa fari, kuma yana iya kai kilo 8 ko fiye. Tun 1962 wasu suka tsere daga wani gidan namun daji a Inuyama, lardin Aichi. Amma babbar ƙofar ta buɗe ne a 1977, lokacin da aka nuna wani katun na yara a talabijin mai suna Araiguma Rasukaru, labarin yaro da ɗan rakun ɗinsa. Yara suka matsa wa iyaye, aka yi ta shigo da 'ya'yan rakun dubbai ana sayarwa. Yana ƙarami gwanin sha'awa ne. Da ya balaga sai cizo da yakushi, ga shi yana buɗe sakatar keji da yatsunsa. Wasu suka gudu, wasu masu su suka kai su daji suka saki, suna ganin tausayi suka yi. Babu dabbar da ke farautarsa a Japan, kuma macen na haifar uku zuwa huɗu duk shekara. Yau an gan shi a kusan dukkan larduna 47 na ƙasar.

Baƙo ya zo ya tarar da ɗan gida a kan akushi ɗaya. Abin da tanuki ke ci shi rakun ke ci, lokacin fitarsu ɗaya, ramuka da ƙarƙashin gidajen da suke fakewa ma ɗaya. Sai dai rakun ya fi ƙarfi, kuma yana da hannu. Tanuki galibi jira yake kaki ta faɗo, shi kuwa rakun hawa yake ya tsinke ta a sama. Yana laluben ruwa ya kama kwaɗi da kififiya, ya hau sheƙa ya kwashe ƙwai. A dajin Nopporo kusa da Sapporo an ba da rahoton raguwar tanuki bayan rakun ya yawaita, kuma zalɓen da suka daɗe suna sheƙa a wurin suka ƙaura. Manoma ma sun ji a jikinsu. Duk wanda ya ga kankanar da rakun ya ci ba zai manta ba: daga nesa lafiya lau take, sai ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka juya ka ga ɗan rami da bai wuce bakin kofin shayi ba, ya zura hannu ya yashe cikin tas. Masara kuwa ɓare ta yake kamar mutum. Asarar amfanin gona ta wuce yen miliyan 300 a shekara, ban da tsofaffin wuraren bauta na katako a Kiyoto da ya yakushe ginshiƙansu ya haihu a rufinsu.

Ba wai rakun mugu ne tanuki salihi ba. Ɗan'uwan tanuki na babban yankin Asiya, da Tarayyar Sobiyet ta saki a yammacinta tun daga 1928 saboda fatarsa, shi ne yau ya zama baƙon da ya addabi Finland da Jamus. Mutum ne ya ɗauke su daga inda Allah ya ajiye su.

Abin da ya fi damuna shi ne kwanon abinci. Mu mutane ne masu jin ƙan dabba, ba ma son zubar da sauran tuwo alhali ga mai rai yana jin yunwa. Amma a nan wannan kwano cuta ne. Ka ajiye wa kyanwar unguwa abinci a waje, da dare tanuki biyar su taru a kai suna gugar juna, ɗaya mai ƙazuwa ya raba wa sauran. Ƙwaron ƙazuwar yana haƙa cikin fata, gashi ya zube, fatar ta yi kauri ta tsattsage, dabbar ta rame har ba ka gane ko mece ce. Tanukin da ka gani da rana tsaka, tsirara ba gashi, yana tangaɗi, shi ne wannan, kuma da wuya ya tsallake sanyin hunturu. Karenka na iya ɗauka, kai ma in ka taɓa shi za ka sha ƙaiƙayi. Sannan kwanon da ka ajiye don tanuki, ƙarshenta rakun ne zai mallake shi, ya ƙoshi, ya hau silin ɗinka ya haihu.

Akwai kuma kaska. Dabbobin biyu suna kawo ta har bakin ƙofa, kuma kaska ce ke yaɗa zazzaɓin da ake kira SFTS, wanda aka fara tabbatarwa a Japan a 2013. Yana zuwa da zazzaɓi, amai da gudawa, yana kisa, musamman tsofaffi, kuma an samu waɗanda suka ɗauka daga kyanwa ko kare maras lafiya. Shi kuma rakun yana da wata tsutsar ciki da ƙwanta ke fita a kashinsa. In ƙwan ya shiga bakin yaro mai wasa da ƙasa, tsutsar na iya kaiwa ido ko ƙwaƙwalwa. An same ta a jikin rakun da ake ajiye a keji a Japan. Game da haukan kare, rabon da a same shi a dabba a cikin Japan tun 1957, amma wannan ba dalili ba ne na raina cizo. Ka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na kimanin minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Mu da muka taso inda haukan kare ke kashe mutane har yanzu, bai kamata a tuna mana wannan ba.

Don haka shara ta fita da safiyar ranar kwasa, ba da dare ba. Abincin kyanwa da kare ya koma cikin ɗaki. In akwai bishiyar kaki a gidan da kake haya, a tsince abin da ya faɗo. Ka zagaya gidan ka duba ramukan iska na ƙasa da gefen rufi, duk inda dunƙulen hannu zai shiga a toshe da ragar ƙarfe, a sare reshen da ya taɓa kwanon rufi. In ka tarar da kashi, kada ka share shi a bushe. Sa safar hannu da takunkumi, kwashe a leda biyu, ka kwarara tafasasshen ruwa a wurin, domin ƙwan tsutsar nan ba ya jin maganin wanke bayan gida, zafi ne ke kashe shi.

Kada ka kafa tarko da kanka. Tanuki yana ƙarƙashin dokar kare namun daji, kama shi ba izini laifi ne. Rakun kuma, tun da dokar baƙin halittu masu ɓarna ta fara aiki a 2005, an haramta shigo da shi, kiwonsa, ɗaukarsa da rai zuwa wani wuri, ko sakinsa. Hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 3, kuma baƙo mai takardar zama ya san abin da irin wannan ke jawowa. In ka ji gudu-gudu a saman silin da dare, ko ka ga tabon fitsari yana faɗaɗa a rufi, gaya wa mai gidan, sannan a kira ofishin ƙaramar hukuma, sashen muhalli. Da yawansu suna ba da aron tarkon akwati ko su turo masu kamawa. In da hali ɗauki hoton jelar ko na sawun daga nesa ka nuna musu, don tambayar farko da za su yi maka ita ce: tanuki ne ko araiguma?